Illolin Gina Wuraren Shaƙatawa a Cikin Kwarin Kogi

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta gefen kogunanmu a watan Maris ko Afrilu zai ga yashi shimfiɗe fari fat, babu ko ɗigon ruwa, yara suna buga ƙwallo a kai, amalanke da babura suna ratsawa. A garuruwan da jama'a suka yi yawa, filaye suka yi tsada, irin wannan wuri yakan ɗauki hankalin masu tsara ayyuka. Babu gidan da za a rushe, babu gonar da za a biya diyyarta, ga iska mai daɗi, ga itatuwa a gaɓa. Daga nan sai shawara ta taso cewa a yi ciko, a kewaye da katanga, a dasa furanni, a kafa lilo da rumfuna, domin jama'a su samu inda za su kai iyali ranar Sallah, ƙaramar hukuma kuma ta samu kuɗin shiga.

Manufar ba ta da aibi. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina lambuna da wuraren shaƙatawa cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Sai dai a wannan sakin layin ne kuma ya ɗora musu alhakin gina magudanan ruwa da kula da su, kuma bai kamata aiki ɗaya ya rushe ɗan'uwansa ba. An shirya wannan bayani ne domin shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da jami'an sashen ayyuka, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da sauran al'ummar karkara, su fahimci cewa kwarin kogi hanyar ruwa ce ko da ya bushe, kuma duk abin da aka kafa a cikinsa akwai ranar da mai hanyar zai zo wucewa.

Mene ne kwarin kogi?

Kogi yana da sassa uku. Akwai kwarin kansa, wato inda ruwa ke gudu kowace damina. Akwai gaɓa, wadda ta tokare shi dama da hagu. Sannan akwai fadama, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke bayan gaɓa, wadda kogi ke malala a kanta idan ya cika ya batse. Faɗin kwarin da zurfinsa ruwan ne ya sassaƙa su da kansa a tsawon ɗaruruwan shekaru. Saboda haka idan aka ga yashi mai faɗin mita 200 alhali ruwan bana bai rufe ko mita 50 ba, wannan shaida ce cewa an taɓa yin ruwan da ya buƙaci dukan faɗin, kuma za a sake yi.

Yawancin koguna da gulabe da ƙoramun arewacin ƙasar nan na damina ne. Sukan shafe wata shida ko bakwai a bushe, wani lokaci kuma a jera shekaru ana ƙarancin ruwa, kamar yadda aka gani a farin shekarun 1973 da 1984. A irin wannan tsakanin ne mutane ke sakankancewa. Birnin Maiduguri ya ga babbar ambaliya daga madatsar ruwa ta Alau a shekarar 1994. Aka shekara 30 cur, yaran da aka haifa bayan nan suka girma har suka yi iyali, sannan a ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya sake mamaye birnin, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu.

Injiniyoyi suna da wani lissafi da ya kamata kowane jami'i ya sani. Idan suka ce “ambaliyar shekara ɗari”, ba suna nufin sai an cika shekara ɗari za ta dawo ba. Ma'anar ita ce, a kowace damina akwai yiwuwar kashi 1 cikin ɗari ta auku. Idan aka tara wannan na tsawon shekara 30, yiwuwar takan kai kusan kashi 26 cikin ɗari. Ita kuwa ambaliyar da ake kira ta shekara 20, yiwuwar ta zo cikin shekara goma kacal ta kai kashi 40 cikin ɗari. Wannan lissafi na fadama ne da bayan gaɓa. Shi kwarin kogi ba ya buƙatar wani lissafi, domin kusan kowace shekara ruwa zai bi ta cikinsa.

Ƙarfin ruwa mai gudu

Mutane da yawa suna raina ruwa saboda sun saba ganinsa a kwance cikin kududdufi. Ruwan da zai cika ramin da ke da tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan ɗaya ne. Idan aka yi ruwan sama na milimita 50 a kan fili mai murabba'in kilomita ɗaya, abin da ya zuba ya kai lita miliyan 50, wato fiye da cikin tankar mai 1,500 masu cin lita 33,000. Ƙaramar ƙorama ma tana iya tattaro ruwa daga yanki mai murabba'in kilomita 100. Ko da kashi ɗaya bisa uku ne kawai ya gangaro, sauran ƙasa ta shanye, ana maganar cikin tanka kusan 50,000 da za su nemi hanyar wucewa cikin 'yan sa'o'i.

Bugu da ƙari, idan saurin ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin turinsa yakan ninka sau huɗu. Masana agajin gaggawa sun daɗe suna gargaɗin cewa ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato wanda ya ɗan haura idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa yana tafiya da mafi yawan motoci. Ruwan ambaliya kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana ɗauke da yashi da duwatsu da kututture da kwanon rufi.

Illa ta farko: tara jama'a a bakin haɗari

Babbar illar wurin shaƙatawa a cikin kwarin kogi ita ce yana gayyato mutane zuwa inda bai kamata su taru ba, kuma yawancinsu mata ne da ƙananan yara da baƙin da ba su san halin wurin ba. Manomin da ya tashi a bakin gulbi ya san alamun zuwan ruwa. Ya san cewa ana iya yin rana tsaka a garinsu, alhali an kwana ana tafka ruwa a can sama, nisan kilomita 40 ko 50. Yaron da aka kawo yawon Sallah bai san wannan ba. Iyayensa kuma sun ga ƙofa da mai gadi da allon hukuma, sun ɗauka an tabbatar da lafiyar wurin.

Abin da ya faru a ƙasar Sifaniya ya isa darasi. A kusa da garin Biyeskas, a gindin duwatsun arewacin ƙasar, an kafa wani sansanin masu yawon hutu a daidai inda wata ƙorama mai suna Aras ke fitowa daga cikin duwatsu ta baje. Ƙoramar ba ta da ruwan kirki a yawancin shekara. An kuma yi mata ƙananan madatsu a sama, an gina mata lambatu na musamman, har aka ɗauka an gama shawo kanta. Kafin a ba da izinin kafa sansanin, wani injiniyan gwamnatin yankin ya rubuta rahoto yana gargaɗin cewa wurin yana da haɗari, amma aka ci gaba da aiki. A ranar 7 ga Agusta 1996 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan duwatsun. Ƙananan madatsun suka ɓalle, duwatsu da itatuwa suka toshe lambatun, ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa ta cikin sansanin. Cikin 'yan mintuna mutum 87 suka rasa rayukansu, fiye da 180 suka jikkata. A shekarar 2005 kotu ta ɗora alhakin a kan gwamnatin ƙasar da ta yankin, ta umarce su da biyan diyyar fiye da Yuro miliyan 11, bisa hujjar cewa haɗarin abu ne da za a iya hangowa.

Ko a ƙasashen da ke da na'urorin gargaɗi abin bai sauya ba. A ranar 4 ga Yuli 2025, kafin wayewar gari, kogin Gwadalufe da ke jihar Teksas ta Amurka ya hau kimanin mita 8 cikin minti 45. Fiye da mutum 130 suka mutu a yankin, cikinsu har da 'yan mata da masu kula da su 27 a wani sansanin hutu da ke bakin kogin.

A nan gida ma mun san yadda ruwa ke zuwa babu sallama. Ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018 cikin dare ta auku, ta ci fiye da mutum 40. Ta Mokwa a jihar Neja, ranar 29 ga Mayu 2025, da asuba ta afka wa mutane, aka tabbatar da mutuwar fiye da 150. Sannan a tuna cewa watannin Musulunci suna zagayawa, saboda haka akwai shekarun da bukukuwan Sallah ke faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da wurin shaƙatawa zai fi cika kuma kogi zai fi haɗari. Katangar da aka yi domin karɓar kuɗin shiga, mai ƙofa ɗaya ko biyu, ita ce za ta hana mutane tsira a ranar da ruwa ya shigo.

Illa ta biyu: tura ruwa cikin gidaje da gonakin jama'a

Ba a iya kafa lambu a kan yashin kogi sai an yi ciko, an ɗaga ƙasa, an yi katangar kariya. Kowace tifa ta jar ƙasa da aka juye ta rage wa ruwa hanya, alhali yawan ruwan da zai wuce bai ragu ba. Idan aka matse shi, abu biyu ke faruwa. A sama da wurin, ruwa yakan taru ya hau, ya koma baya cikin lambatu da kwalbatoci, ya shiga unguwannin da a da ba ya kaiwa. A daidai matsatsin kuma saurinsa yakan ƙaru, ya riƙa cin gaɓar da ke ɗaya gefen, ya kwashe ƙasar da ke gindin gada, ya buɗe kwazazzabai a gonakin da ke ƙasa.

Hatta itatuwa da kujeru da shingen ƙarfe da turakun fitilu suna da tasu illar. Sukan tare shara da kara da rassan da ruwa ya ɗebo, su zama wata madatsa da ba wanda ya tsara ta. Idan ta ɓalle, sai tarkacen su tafi gaba ɗaya su toshe bakin gada ta gaba. Wanda wannan ke shafa shi ne talakan da ke da gidan ƙasa a gefen gari, wanda ba a nemi shawararsa ba, wataƙila ma bai taɓa shiga lambun ba. Gidan jar ƙasa kuwa kwana ɗaya ruwa zai yi a gindinsa ya zube.

Alhazanmu da dama ba za su manta da ambaliyar Jidda ta ranar 25 ga Nuwamba 2009 ba, wadda ta zo daidai lokacin da ake fara aikin Hajji. Ruwan 'yan sa'o'i ne, amma ya ci fiye da mutum 120, kuma ɓarnar ta fi tsanani a unguwannin da aka gina a bakin busassun kwaruruka. Sarki Abdullah ya ba da umarnin bincike, aka gurfanar da jami'ai da 'yan kasuwa a gaban shari'a. Haka nan a birnin Shiraz na ƙasar Iran, ranar 25 ga Maris 2019, ruwa ya kwararo ta mashigar birnin ya kwashe motoci, kimanin mutum 20 suka mutu, da yawansu matafiya ne masu hutun sabuwar shekara. A wurin akwai tsohuwar hanyar ruwa da aka cike shekaru da dama kafin nan domin faɗaɗa titi. Ko titi ne, ko gida, ko lambu, sakamakon toshe hanyar ruwa ɗaya ne.

Illa ta uku: asarar dukiyar al'umma

Kuɗin da ƙaramar hukuma ke kashewa na jama'a ne, kuma bukatu sun fi kuɗin yawa. Wurin shaƙatawa a cikin kwarin kogi aiki ne da ba ya ƙarewa. Kowace damina ruwa zai binne ciyawa da furanni da yashi da laka, ya tone ƙarƙashin daɓe, ya lalata wayoyin lantarki da injin ba da ruwa. Kowace kaka sai an sake ware kuɗin gyara. Bayan shekara uku ko huɗu hukuma takan gaji, ko a samu sauyin shugabanci, wurin ya zama kango da matattarar ɓata-gari, cikon da aka yi kuwa yana nan yana ci gaba da matse kogi.

Lambun Agodi da ke Ibadan, wanda aka kafa a 1967, yana cikin fitattun wuraren shaƙatawa na ƙasar nan a zamaninsa. Ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 ta lalata shi, ta tafi da yawancin dabbobin da ke ciki, kuma sai a 2014 aka sake buɗe shi bayan gagarumin gyara. A ambaliyar Maiduguri ta 2024, ruwa ya mamaye gidan namun daji na Sanda Kyarimi, inda hukumar gidan ta bayyana cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu, ta kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni. Idan wannan ne halin wuraren da ruwa ya hau ya tarar, to ina ga wanda aka ɗauka aka kai masa har tsakiyar hanyarsa?

Illa ta huɗu: taɓa abincin manoma da makiyaya

Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Yashin kogi rumbun ruwa ne. Da damina yakan sha ya ƙoshi, ya tace ruwan, ya riƙa sakinsa a hankali zuwa cikin fadama da rijiyoyin da ke kewaye. Shi ya sa da rani mata ke tona rami kaɗan a cikin yashi su ɗebi ruwa, makiyaya su shayar da dabbobi, masu noman rani su kafa ƙananan rijiyoyin tuƙa-tuƙa da injin ban-ruwa. Shirin bunƙasa noman fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 tare da tallafin Bankin Duniya, a kan wannan ruwa na kusa ya dogara. Idan aka danne yashin da jar ƙasa aka shafe shi da siminti, ruwa zai wuce da sauri ba tare da ya nutse ba, rijiyoyi su riƙa ƙafewa da wuri, mai albasa da tumatir da alkama ya ƙara kuɗin mai kafin ya kai ga girbi.

Har ila yau, a wurare da dama kwarin kogi shi ne mashaya, kuma burtali ta nan yake bi. Ranar da aka kewaye shi da katanga, garken da ya saba sauka nan dole ya nemi wata hanya, wadda sau da yawa ta cikin gonakin mutane take. Duk wanda ya san yadda rikicin manoma da makiyaya ke farawa ya san cewa toshe mashaya ɗaya ya isa ya tayar da fitinar da za a daɗe ana sasantawa. Masunta da masu wanki da masu yankan ciyawa su ma suna da haƙƙi a wurin, duk da cewa ba su da takarda.

Akwai kuma batun lafiya. Wurin da jama'a ke taruwa dole a yi masa makewayi, a kuma samu masu sayar da abinci da tarin shara. Masai da aka haƙa a cikin yashin kogi kai tsaye yake tsiyaya cikin ruwan da ƙauyukan ƙasa ke sha, wanda hakan hanya ce ta yaɗuwar amai da gudawa da zazzaɓin taifot. Ƙananan tafkunan ado da ramukan da ciko ya bari sukan zama gidan sauro, kuma a inda ake da dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar cutar, yaran da ke wasa a ciki suna iya kamuwa da tsargiya.

To ai wasu ƙasashe sun yi

Masu goyon bayan irin wannan aiki sukan kawo misalin birnin Balensiya na Sifaniya, inda lambu mai tsawon kimanin kilomita 9 ya ratsa tsakiyar birni a cikin tsohon kwarin kogin Turiya. Gaskiya ne lambun yana nan, kuma abin sha'awa ne. Amma ya kamata a san yadda aka kai ga yinsa. A watan Oktoba 1957 kogin ya yi ambaliya ya kashe aƙalla mutum 81. Bayan haka gwamnati ta yanke shawarar ɗauke kogin ɗungurungum daga cikin birni. Aka haƙa masa sabuwar hanya mai tsawon kimanin kilomita 12 a kudancin birnin, aikin da ya ci shekaru, ya kai har farkon shekarun 1970, ya kuma ci kuɗin da sai da aka ɗora wa mazauna birnin ƙarin haraji har a kan kan sarkin aika wasiƙa. Sai a 1986 aka buɗe lambun, bayan kogin ya daɗe da barin wurin.

Ko da haka labarin bai ƙare ba. A ranar 29 ga Oktoba 2024 aka yi mummunar ambaliya a lardin. Sabuwar hanyar ta ɗauke ruwan kogin, tsakiyar birni da lambun suka tsira, amma garuruwan da ke kudu, waɗanda suka bunƙasa a gefen wani kwari da ke bushe a yawancin shekara, suka nutse, fiye da mutum 220 suka mutu. Darasin a fili yake. Lambun Balensiya ya yiwu ne saboda an fara sama wa ruwa wata hanya da ta ɗauke shi. Ƙaramar hukumar da ba ta da halin yin haka, idan ta kwaikwayi lambun kawai, ta ɗauki rabin aikin ne ta bar rabin da ke kare rayuka.

Abin da ya kamata a yi

Jama'a suna da buƙatar wurin hutawa, kuma bakin ruwa yana da daɗin zama. Akwai hanyoyin biyan wannan buƙata ba tare da an shiga hanyar kogi ba.

Na farko, a kafa duk wani gini na dindindin a kan tudu, bayan iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa. Kafin safiyo ya kafa turaku, a zauna da dagaci da dattawan gari da sarkin ruwa da sarkin noma, su nuna inda ruwa ya tsaya a shekarar da ta fi kowace cika. Laka da ta kwanta, da tabon ruwa a jikin gada da tsofaffin itatuwa, duk shaidu ne. A haɗa wannan da bayanin ofishin tsara birane da na hukumar raya kogunan yankin, waɗanda su ne za su faɗi tazarar da doka ta ce a bari daga gaɓa.

Na biyu, a bi doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallakar filayen karkara, kuma wannan iko amana ce. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi nazari kafin fara aikin da zai iya yi wa muhalli babbar illa. Akwai kuma ƙa'idojin kare fadamu da gaɓar koguna da bakin tafkuna na 2009, waɗanda hukumar NESREA ke kula da su. Idan injiniya ko jami'in muhalli ya rubuta cewa wuri bai dace ba, kada a jefa rahotonsa cikin durowa. Abin da ya faru a Biyeskas ya nuna cewa irin wannan takarda takan fito a gaban alƙali bayan shekaru.

Na uku, a yi amfani da kwarin kogi a lokacinsa, da abin da za a iya kwashewa. Filin ƙwallo na rani, da wasan kokawa ko dambe, da rumfunan zana, ba su hana ruwa wucewa, muddin an kwashe komai kafin faɗuwar damina. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, da rani ake yinsa a Matan Fada, lokacin da ruwa ya ja baya, a gama a watse a bar wa kogi wurinsa.

Na huɗu, a ƙawata gaɓa da abin da zai ƙarfafa ta. Ciyawar jema tana da saiwa mai zurfi da ke riƙe ƙasa. A bayanta, can kan tudu, a dasa itatuwan inuwa da na marmari irin su mangwaro da tsamiya da ɗorawa da giginya, a yi 'yar hanyar ƙafa da kujeru. Wannan ya fi ciko arha nesa ba kusa ba, kuma yana rage zaizayar ƙasa.

Na biyar, inda aka riga aka yi gini a cikin kwari, a rufe wurin tun daga farkon damina har ƙarshenta, a hana kowa kwana a ciki, har da masu gadi da masu shaguna. A ƙara ƙofofin fita ta ɓangaren tudu, a cire katangar da ta gitta hanyar ruwa, a kuma fara shirin mayar da wurin wani fili. A ƙulla hulɗa da ƙauyukan da ke sama, ta yadda za su buga waya da zarar sun ga kogi ya taso. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin yankunan da ake fargabar ambaliya. Wajibi ne sakatariyar kowace ƙaramar hukuma ta nemi waɗannan bayanai ta isar da su ga hakimai da dagatai.

Kira ga jama'a

Ana kira ga al'umma da su sa ido. Duk wanda ya ga ana juye ƙasa ko ana kafa harsashi a cikin kwarin kogi ko ƙorama, ya sanar da mai unguwa ko dagaci ko kansilan mazaɓarsa tun aikin bai yi nisa ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su kuma shugabanni, kafin su sa hannu a kan takardar kwangila, su je wurin da ƙafarsu, su tambayi mutanen da suka tsufa a bakin kogin inda ruwa ya taɓa kaiwa. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya.